Injiniya ɗaya ya ce boila lafiya lau, ɗaya ya ce a kashe ta: mu riƙe kuɗin haya?

Assalamu alaikum Barista, ya aiki ya sanyi. Don Allah shawara nake nema. Muna haya a wani filat a Manchester hawa na biyu, ni da Abban yara da yaranmu biyu, ƙaramin watansa 14. A watan Oktoba ejan ya turo injiniyansu ya duba boila, wallahi bai yi minti 15 ba ya tafi, aka turo mana satifiket ta imel wai komai lafiya. Sai cikin Janairu ruwan zafi ya fara yankewa, na kira ejan sau uku shiru, wata abokiyar aikina ta ba ni lambar wani injiniya na biya shi fam 90. Yana buɗe kabad ɗin da boilar take ya ɗaga kai ya kalli silin ya ce ina ƙofar duba bututun hayaƙi, na ce ni ban san zancen ba. Ya ce bututun ya bi ta cikin silin ba a ganinsa, shi ba zai ce lafiya yake ba, ya tambaye ni ya kashe na ce ya kashe, ya manna takarda mai cewa Danger Do Not Use, ya ba ni wata da aka yi alama a wurin At Risk. Bayan kwana biyu ejan ya sake turo na farkon, ya ɓare takardar ya kunna boilar ya ce wancan neman kasuwa yake, so yake ya sayar da sabuwa. Yana fita na sake kashewa. Yanzu sati uku kenan da hitar lantarki biyu muke, yara da jaket suke kwana, mita kuwa cin kuɗi take kamar me. Abban yara ya ce mu riƙe hayar Fabrairu fam 950 har sai an sa sabuwar boila, mu cire fam 90 ɗinmu, kuma kar a sake buɗe wa injiniyansu ƙofa. A guruf ɗinmu na WhatsApp an ce satifiket ɗin na bogi ne mu je kotu za a biya mu diyya mai tsoka. Ejan kuma cewa ya yi in ba mu so mu tashi. Wa zan yarda da shi cikin su biyun, kuma me doka ta ba ni?

Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da ɗawainiya, Allah ya raya yara.

Boilar nan ki bar ta a kashe kamar yadda kika yi, wannan kam kin yi daidai, kuma zan dawo kan dalilin da ya sa ko a doka ma hakan ne ya fi miki. Abin da ake tsoro a bututun hayaƙi shi ne iskar kabon monoksaid, ita ce wadda take kashe iyali guda a gida in an kwana da janareto a rufe, ba ta da wari ba ta da launi. In wani a gidan ya fara ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko kasala, musamman irin wanda ake warwarewa in an fita ya dawo in an dawo, ku buɗe taga ku fice, ki kira 0800 111 999, lambar gaggawa ta gas ce kyauta dare da rana, sannan ki kira 111, lambar neman shawarar lafiya, ko ku wuce asibiti ki faɗa musu abin da kike zargi da wuri, don iskar ba ta daɗewa a jini. Kuma kar sanyi ya sa a kunna murhun gas a bar shi yana ci wai ya ɗumama ɗaki, kar a shigo da gawayi. Na san mu da kaskon turaren wuta, amma filat ɗin Ingila da tagoginsa a liƙe ba tsakar gida ba ne, gawayi wannan iskar yake fitarwa. Ban da haɗarin ma, ranar da ƙararrawar gano wannan iskar ta yi kuka kina cikin turare kin miƙa wa ejan hujjar da zai ce ai ba boilarsa ba ce. Ki duba ma ko akwai ƙararrawar kabon monoksaid a ɗakin da boilar take, tun 1 ga Oktoba 2022 dole ne mai gida a Ingila ya sa ta, in babu ki rubuta musu yau, kansul, wato ƙaramar hukumar yankinku, na iya cinsa tarar da ta kai fam 5,000 in aka ba shi notis ya ƙi.

Yanzu doka. Ki riƙe cewa ban ga yarjejeniyar hayarku ba, ban ga takardun injiniyoyin ba, ɓangare ɗaya na ji, kuma ni lauya ne ba injiniyan gas ba, don haka duk abin da zan faɗa a kan abin da kika rubuto ne. Maganar kuma ta Ingila ce, wanda ke Scotland ko Wales dokar gas ɗin ɗaya ce amma ta haya ta bambanta.

Satifiket ɗin da aka turo miki, wanda masu aikin har yanzu suke kira CP12 tun zamanin CORGI, tsohuwar hukumar rajistar masu aikin gas, ya samo asali ne daga dokar tsaron gas ta 1998. Ta ce mai gida ya sa a duba duk na'urar gas da ya samar da bututun hayaƙinta duk wata 12, mai dubawar ya zama yana da rajista da Gas Safe, hukumar da ta karɓi aikin daga CORGI a 2009, a ba ɗan haya kwafi cikin kwana 28, sabon ɗan haya kuma a ba shi kafin ya tare, a ajiye takardar aƙalla shekara 2. A yadda kika faɗa, a takarda dai sun cika wannan. Inda mutane suke kuskure, har da masu gidajen, shi ne ɗaukar takardar kamar garanti na shekara guda. Ba haka ba ne. Shaidar abin da mutum ɗaya ya gani a rana ɗaya ce kawai. Boila na iya wucewa a Oktoba ta lalace a Janairu ba tare da kowa ya yi ƙarya ba, kuma wannan dubawar ba ita ce sabis ba, ba sai an wanke ciki an kwance komai ba. Minti 15 ɗin da kika ambata, gaskiya ni ma ya yi min kaɗan, amma doka ba ta yanke minti ba, kuma kalmar bogi da 'yan guruf suka jefo babba ce. Takardar bogi ita ce wadda marar rajista ya cika ko wadda aka cika ba a zo ba. Mutumin nan ya zo. Ko ya yi sakaci, wannan wata magana ce daban, kuma ina roƙonki kar ki rubuta wa ejan ko a Facebook cewa ya yi zamba alhali ba ki da shaidar da za ki tsaya a kanta.

Sai takardar na biyun, wadda ita ma ina ganin ana ɗora mata abin da ba ta ce ba. Masu aikin gas suna da matakai biyu na haɗari. Akwai Immediately Dangerous, wato haɗarin yana nan yanzu, gas na zuba ko hayaƙi na dawowa cikin ɗaki, wannan cire ta ake yi daga layin gas gaba ɗaya a toshe, in mai wurin ya ƙi a kira kamfanin layin gas su zo su yanke. Akwai kuma At Risk, wato akwai wata matsala da za ta iya zama haɗari, wannan kashewa ake yi da izinin wanda ke gidan, shi ya sa ya tambaye ki. Taki ta biyun ce. Bai ce boilar na zubar da guba ba, bai ma ce ta lalace ba, cewa ya yi ba ya iya ganin bututun, kuma abin da bai gani ba ba zai sa hannu a kai ba. Wannan ba ƙirƙirarsa ba ce. A filat-filat da yawa, musamman waɗanda aka gina ko aka gyara daga wajen 2000 zuwa gaba, boila ba ta jikin bangon waje, sai a ja bututun ta cikin silin ko bayan bango a rufe da filasta, in mahaɗa ɗaya ta saki a can ciki hayaƙin zai taru ba wanda ya sani, har ya shiga filat ɗin maƙwabci. Shi ya sa daga 1 ga Janairu 2013 ƙa'idar masu aikin ta ce irin wannan ɓoyayyen bututun in babu ƙananan ƙofofin leƙawa a silin, masu faɗin kamar santimita 30 kowane gefe a kusa da mahaɗan, to a sa shi a At Risk a kashe da izini. Kin ga abin da ya sa yana shigowa ya ɗaga kai sama kenan.

To na farkon ya yi kuskure kenan? Wataƙila, amma ba zan rantse ba. Akwai yanayin da zai iya zama da gaskiya. In bututun gajere ne ya huda bango ya fita kai tsaye ba mahaɗa a ɓoye, ba a buƙatar ƙofa. Mai yiwuwa akwai ƙofar a wani wuri, a saman kabad ko a koridon waje, na biyun bai gani ba. Akwai kuma na'urar da ake sawa cikin silin ɗin ta kashe boila da kanta in ta ji iskar, a wasu gidajen ana karɓarta inda yanka ƙofa ba zai yiwu ba. Kowanne cikin ukun nan in shi ne, amsar layi biyu ce a rubuce. Abin da bai kwanta min ba shi ne mutum ya zo ya ɓare takardar gargaɗin abokin sana'arsa, ya kunna, ya tafi bai bar ko rubutu ɗaya ba sai zancen wai wancan kasuwa yake nema. An ce masa ba a ganin bututu, amsar ita ce ga inda ake ganinsa. Kuma zancen kasuwar ma bai zauna ba, don maganin wannan matsalar yanka silin ne a sa ƙofa, ba sabuwar boila ba, kuma ɗan haya ba shi ne mai sayen boila ba balle a yi masa talla. Ta ɗaya ɓangaren kuma shi na farkon yana da abin karewa, sa hannunsa ne a takardar Oktoba. Ban ce ƙarya yake ba. Cewa na yi ba shi ya kamata ya zama alƙalin aikinsa ba.

Tambayarki ta wa zan yarda da shi, a doka babu wanda maganarsa ta zama hukunci. Dukansu in suna da rajista matsayinsu ɗaya, na biyun bai soke takardar na farkon ba, na farkon ma bai goge ta biyun ba don ya ɓare sitika. Amma ga abin da kusan ba wanda ya sani: dokar 1998 ɗin nan ta hana wanda ke zaune a gida ya yi amfani da na'urar gas ko ya bari a yi alhali ya sani ko yana da dalilin zargin cewa tana da haɗari. Wanda ke zaune a gidan ke ce da Abban yara, ba mai gidan kaɗai ba. Tunda an miƙa miki takardar gargaɗi a hannu, kuma ba a ba ki komai a rubuce da ya warware ta ba, barinta a kashe shi ne matsayin da ya fi kariya, kuma ejan ba shi da bakin cewa ke kika hana kanki ɗumi. Ki sani dai zai faɗa. Zai ce injiniyanmu ya gyara ita ta kashe, shi ya sa rubutu yake da muhimmanci a nan.

Yadda ake raba gardamar ba wani abu ba ne mai wuya. Ki shiga shafin Gas Safe ki duba su biyun, lambar rajista tana jikin takardunsu. Duk mai rajista yana da kati mai hotonsa da ranar ƙarewa, ki juya bayansa, a nan aka jera irin aikin da aka yarda ya yi, don akwai wanda aka yarda masa murhu amma ba boila ba. Naki injiniyan ma ki duba shi, in ya zama ba shi da rajista to lissafin ya canza sosai kuma ba a wajenki ba. Sannan ki kai ƙorafi wurin Gas Safe ɗin, ki tura hoton satifiket, hoton takardar At Risk, hoton silin da inda bututun ya shige, suna da masu bincike da kan zo su duba aikin wanda ke rajistarsu kuma su sa shi ya gyara in ya kauce. Ba sa shiga maganar kuɗi ko diyya, kuma ba lallai su zo gobe ba. Shi ya sa hanyar da ta fi sauri ita ce ki nemi ejan ya turo injiniya na uku wanda ba daga kamfanin na farko ba, da kuɗin mai gida, kina nan a tsaye, ya rubuta ƙarara ko ana ganin bututun daga farko zuwa ƙarshe ko ba a gani. Ba ki da ikon tilasta musu wane za su turo, wannan roƙo ne mai hujja ba haƙƙi ba, amma ejan mai hankali da ya ga kalmar At Risk da jariri a imel ɗaya zai gane ya fi masa arha.

Yanzu maganar kuɗin haya, wadda ita ce ta fi damuna a wasiƙarki. Ki gaida Abban yara ki ce Barista ya ce a'a. A Ingila babu wani haƙƙi na gama-gari da ya ce ɗan haya ya daina biya don ba a yi gyara ba, alƙawarin biya daban, alƙawarin gyara daban, in shi ya saɓa nasa ba ya wanke ki daga naki. Ranar da kuka riƙe fam 950 ɗin nan, sunan abin bashin haya, kuma bashin haya yana cikin dalilan da dokar gidaje ta 1988 ta ba mai gida ya nemi kotu ta fitar da mutum. Sabuwar dokar 'yan haya ta 2025 ta zo ta soke korar da ake yi ba dalili, amma ba ta soke korar mai bashi ba. Yanzu haka ku ne da gaskiya a hannu, kuna riƙewa kun ba shi wuƙa da nama, zancen ya tashi daga bututun hayaƙi ya koma kan ku. Ga kuma wanda ya tsaya muku lokacin kama gidan, in akwai, shi za a fara turo wa wasiƙa, ga shaidar da gida na gaba zai nema daga wannan ejan ɗin. E, lauya zai iya tsayawa a kotu ya ce a cire diyyar rashin gyara daga bashin, ana yi, amma wannan kariya ce ta wanda ya riga ya faɗa rami, ba dabarar da zan ba mai yara biyu ta shiga da ƙafarta ba. Akwai kuma tsohuwar hanyar nan ta ka yi gyaran da kanka ka cire daga haya, tana da matakai, sai an rubuta an ba da wa'adi an kawo farashi daga wurare an sake ba da wa'adi, kuma ba zan ba ki shawarar ki bi ta a kan yanka silin ɗin gidan wani da aikin gas ba.

Sabuwar boila ma ba ta cikin abin da doka ta ba ki. Sashe na 11 na dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ya ɗora wa mai gida kula da na'urorin ɗumama ɗaki da ruwan zafi su kasance suna aiki, dokar 2018 kuma ta ƙara cewa gidan ya zama wanda ɗan Adam zai iya zama a ciki. Abin da suka ba ki ɗumi ne da ruwan zafi ba tare da haɗari ba, ko da tsohuwar boila ce in an gyara. Kuma alhakin yana fara hawa kansa ne daga lokacin da aka sanar da shi, da ɗan lokacin da ya dace a yi aikin. Kiran waya uku ɗin nan na Janairu, ki ɗauki hoton su a wayarki da kwanan wata kafin su ɓace, don ejan da bai ɗaga ba zai iya cewa bai ji ba. Wani abin da zai iya jawo jinkiri na gaskiya shi ne a irin ginin nan sau da yawa mai filat ɗin ma ba shi ne mai ginin ba, sai ya nemi izinin masu kula da ginin kafin a taɓa silin, kuma ƙofar sai ta zama mai jure wuta. Wannan uzuri ne na kwanaki, ba na barin jariri a sanyi ba a kawo ko hita ba.

Fam 90 ɗinki, ki nema, amma ki nema a rubuce da rasit, kar ki cire da kanki. Ke kika kira shi ba da izininsu ba, don haka ba dole ba ne kai tsaye, sai dai hujjarki mai kyau ce tunda kin kira su sau uku ba su zo ba, kuma in injiniya na ukun ya gaskata naki zai yi wuya su ƙi. Haka ƙarin kuɗin lantarki, ki ajiye rasit ɗin duk kuɗin da kika sa a mita ki kwatanta da na Disamba. Batun rufe wa injiniyansu ƙofa kuwa, kar ki yi. Mai gida yana da damar shigowa duba gyara in ya ba da sanarwar awa 24 a rubuce a lokacin da ya dace, kuma duk ranar da kika hana shiga, daga ranar laifin jinkirin ya fara komawa kanki. Ki buɗe, ki ce ya nuna kati, ki ce ya nuna miki da hannunsa inda yake ganin bututun, ki ce ya rubuta. In ya kunna ya tafi ba rubutu ki sake kashewa ki tura imel a ranar cewa ga abin da ya faru.

Diyya mai tsoka da aka faɗa miki a guruf, to bari mu yi lissafi. A irin wannan ƙarar kotu kan ɗauki wani kaso ne na hayar kwanakin da aka yi cikin matsalar, ta ƙara asarar da aka nuna da rasit. Hayarki ta rana ba ta wuce fam 31 da 'yan kai ba, sati uku kusan fam 660 kenan, ko da an ba ki rabi, misali kawai nake yi ba alƙawari ba, kin ga fam ɗari uku da wani abu ne, ki ƙara lantarki da fam 90. Kuɗi ne, amma ba irin wanda za a yi wata da watanni ana jeka-ka-dawo a kansa ba, kuma kafin kotu ma akwai ƙa'idar da ta ce sai an rubuta wa mai gida wasiƙar ƙara an ba shi kwana 20 na aiki ya amsa. Ƙananan ƙararrakin kuɗi kuma tun 2024 galibinsu sai an fara zaman sulhu ta waya kafin a ga alƙali, wato ko kin je can, sulhun da kike gudu shi za ki tarar. In da wani ya kamu da ciwo ta dalilin iskar kuma asibiti ta tabbatar, wannan wata shari'a ce daban, Allah ya kiyaye. Lauyoyi masu tallan ba nasara ba biya da kike gani a intanet kuma ki karanta abin da za su yanka kafin ki sa hannu. Hukumar HSE, mai kula da lafiya da tsaro a harkar aiki, tana iya gurfanar da mai gidan da ya karya dokar gas, har da tara ko ɗauri, amma wannan tsakaninsa da gwamnati ne, ba ya sa miki ko kwabo a aljihu kuma ba ya ɗumama ɗaki.

Wanda ya fi kotu saurin motsa mai gida shi ne kansul. Ki kira sashen da ke kula da gidajen haya masu zaman kansu, ki ce sati uku ba ɗumi ba ruwan zafi, da yaro ɗan wata 14, da takardar At Risk a hannu. A ƙarƙashin dokar gidaje ta 2004 tsananin sanyi da kabon monoksaid duk suna cikin haɗurran da suke aunawa, kuma suna iya ba mai gida notis na dole ya gyara. Shi ejan kuma dole yana cikin ɗaya daga hukumomin sauraren ƙorafi guda biyu, The Property Ombudsman ko Property Redress, za ki ga tambarin a ƙasan imel ɗinsu ko a tagar ofis, ana fara kai ƙorafin wurin ofishin ejan ɗin ne, in sun ba da amsar ƙarshe ko sati 8 ya wuce sai a wuce can, kyauta ne. Maganar in ba ku so ku tashi kuwa iska ce, ba notis ba ce. Ba mai fitar da ku sai da takarda ta ƙa'ida da umarnin kotu, canza makulli ko matsa wa mutum ya fita laifi ne tun dokar 1977. Ki ajiye saƙon dai in a rubuce ya turo.

In ni ne ke, yau da dare zan biya hayar Fabrairu cif, sannan in tura imel ɗaya zuwa ga ejan, in sa mai gidan a ciki in akwai adireshinsa a satifiket, ba zagi ba barazana. Ki jera kwanakin kamar yadda kika jera min, ki liƙa hotunan takardun biyu, ki ce boilar za ta zauna a kashe har sai an warware gargaɗin a rubuce, ki nemi injiniya na uku cikin awa 48, da hita da hanyar samun ruwan zafi kafin nan, ki ce ƙofa a buɗe take duk lokacin da suka sanar. A ƙarshe ki ce kina son a sasanta, a mayar miki da fam 90 da ƙarin lantarki a kuma rage wani abu a hayar Maris, kuma in ba ki ji komai ba zuwa ranar kaza za ki sanar da kansul. In sun yarda da ragin, a rubuta adadin da watan kafin ki rage ko fam ɗaya, kuma kar ki sa hannu a takardar da ta ce kin yafe komai har sai kin ga sakamakon na ukun da idonki. Ƙungiyoyin ba da shawara irin su Citizens Advice ko Shelter za su iya duba miki imel ɗin kyauta kafin ki tura.

Sai abu ɗaya da nake son ki duba tun kafin ki kwanta. Ki buɗe satifiket ɗin Oktoba, akwai layin da ya shafi bututun hayaƙi, inda ake cika ko an duba shi da ido kuma ya wuce. Ki ga me ya cika a wurin, ki ɗauki hotonsa, ki ɗauki na silin ɗin kicin da na korido daga bango zuwa bango, ki turo min tare da shafin farko na yarjejeniyar hayar.